Narnia da littafin Bunyan: adabi ne, ko wa'azi ne aka yi wa kwalliya?

Saratu_Bukuru:
Jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ina da tambaya, don Allah kada a mai da ita faɗan addini. Na gama karanta wa yarana littattafan Narnia guda bakwai na C.S. Lewis, waɗanda suka fito tsakanin 1950 da 1956, daga nan na koma wa The Pilgrim's Progress na John Bunyan da muka yi tun muna makarantar Lahadi. Ni Kirista ce, saƙon da ke ciki bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne akwai wuraren da nake jin marubucin ya bar labari ya hau mumbari. To ina tambayar masu nazarin adabi a cikinmu: irin waɗannan labaran misali, da zaki ke nufin wani abu, kogi ke nufin wani abu, suna da ƙarfin da za su tsayu a kira su adabi? Ko darajarsu duka tana ga wanda ya riga ya yarda da saƙon ne?

Sadiq_Fagge:
Wa'azi ne, Anti Saratu. Na kalli fim ɗin Narnia da aka yi a 2005. Da aka yanka zakin a kan teburin dutse, mata biyu na kuka a gefe, gari na wayewa ya tashi, sai na ce shi ke nan, na gano inda aka dosa. Daga nan ba sauran ɗoki. Labarin da ka san ƙarshensa tun kafin marubucin ya ɗauki alƙalami, me ya rage a ciki?

Bitrus_Kagoro:
Haba Sadiq. Akwai wanda ya taɓa zama jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai san Gizo zai yi ha'inci ba? Sanin ƙarshe ba ya kashe labari. Yadda aka bi aka kai can shi ne aikin.

Tsohon_Malami:
Malama Saratu, kin haɗa abubuwa biyu a kwando ɗaya, gara mu raba su kafin a yi nisa.

Littafin Bunyan, wanda kashinsa na farko ya fito a 1678, shi ne labarin misali na gaske. Tauraron sunansa Kirista, ya bar Birnin Halaka da kaya a bayansa, kayan nan zunubi ne. Ya faɗa kwatamin fid da rai. Ya haɗu da wani mai suna Mai Wayon Duniya, da wani mai suna Sarkin Surutu. Kowane mutum da kowane wuri yana da abu ɗaya tak da yake wakilta, Bunyan kuma bai ɓoye ba, har ayoyin Littafi Mai Tsarki ya jera a gefen shafi don kada mai karatu ya ɓata.

Lewis kuwa ya musanta cewa Narnia irin wannan ce, kuma ba mutumin da za a ce bai san abin da yake faɗa ba ne, domin littafin da ya fara ɗaga sunansa a jami'ar Oxford, The Allegory of Love na 1936, nazarin wannan salon ne a adabin Turai na zamanin da. Abin da ya ce a wasiƙunsa shi ne ya yi ƙaddarawa ce: a ce akwai wata duniya ta dabbobi masu magana, a ce Almasihu ya zaɓi ya shiga cikinta kamar yadda Kiristoci suka gaskata ya shigo tamu, da wace siffa zai zo, me kuma zai faru? Ya ce labarin ma da hoto ya fara masa, wata halitta mai ƙafafun akuya riƙe da lema da ƙunshin kaya a cikin dajin ƙanƙara, hoton da ke kansa tun yana ɗan shekara 16. Zakin daga baya ya faɗo.

Shi ya sa idan kika ce bari ki nemo abin da Mista Tumnus, mai ƙafafun akuyar nan, ke wakilta, ko dabbobin nan mata da miji masu gina madatsa a kogi, za ki sha wahalar banza. Ba sa wakiltar komai. Mutanen labari ne.

Sadiq_Fagge:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma wannan bayanin marubuci ne yana kare kansa. Ƙanwata ta ba ni The Voyage of the Dawn Treader na karanta. A ƙarshe yaran sun tarar da ɗan rago fari yana gasa musu kifi, ya rikiɗa ya koma zaki, ya ce musu a duniyarku ina da wani suna, ku je ku san ni da shi. In wannan ba huɗuba ba ce, mene ne?

Tsohon_Malami:
Wannan wurin kam na ba ka shi. Yana cikin shafukan da suka fi rauni a littattafan bakwai, domin a nan Lewis bai amince da mai karatu ba.

Ummu_Hanan:
Ni Musulma ce, kuma na karanta The Lion, the Witch and the Wardrobe a ɗakin karatu na makarantarmu ta kwana ina aji biyu na sakandare. Wallahi ban san akwai wani abu a ƙarƙashinsa ba. Abin da ya kama ni Edmund ne. Yaro ne da yayansa ke yawan yi masa tsawa, ya ƙullace shi, sai ga wata sarauniya ta ba shi alewa ta ce za ta naɗa shi sarki a kan 'yan'uwansa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan zuciyar. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa sa'ad da sarauniyar, wadda ashe mayya ce, ta ɗaure shi tana jan shi cikin laka. Sai da na shiga jami'a wata ƙawata ta ce mini ai labarin gicciye ne.

Ban ji an yaudare ni ba. Amma amsar tambayar Anti Saratu a wurina ita ce, littafin ya yi aikinsa a kaina ba tare da mabuɗin ba, wannan kuwa shaida ce a kan akwai adabi a ciki.

Dan_Wusasa:
Kowa na ta Lewis, an bar tsohon. Ni a ganina Bunyan ya fi shi iya rubutu nesa ba kusa ba, duk da cewa shi mai gyaran tukwanen ƙarfe ne da bai yi jami'a ba. Ku tuna ya yi wajen shekara 12 a kurkukun Bedford, daga 1660, saboda ya ƙi daina wa'azi ba da izinin ikilisiyar gwamnati ba, ga iyali a waje har da 'yarsa makauniya. To ku je ku karanta wurin da ƙaton nan Fid-da-Rai ya kulle Kirista da abokin tafiyarsa a gidan yarinsa daga Laraba har Asabar ba ci ba sha. Da dare ƙaton yana kwance da matarsa, ita ce ke ba shi shawara: gobe ka yi musu dukan kawo wuƙa, jibi ka ce su kashe kansu su huta, gata ka nuna musu ƙasusuwan waɗanda ka riga ka hallaka. Ƙaton na misali ne, amma hirar mata da miji ce ta gaske. Mutumin da ya rubuta wannan ya san yadda dare yake a ɗakin da aka kulle ta waje.

Haka shari'ar da aka yi wa Mai Aminci a Kasuwar Banza. Alƙali ya riga ya yanke hukunci, shaidu na ƙarya, masu taya alƙali kowa na gasar nuna ƙiyayya. Bunyan ya tsaya gaban irin wannan kotu da kansa. Kasuwar nan ta yi suna har Thackeray ya ara ya sa wa nasa littafin a ƙarni na 19.

Hajara_TudunWada:
@Dan_Wusasa na yarda da batun ƙaton. Amma ga inda nake da ja. Mutumin da aka raɗa wa suna Sarkin Surutu ba zai taɓa yin shiru ya ba ka mamaki ba. Wanda aka kira Taurin Kai ba zai taɓa saukowa ba. Sunan ya zama keji. Mu kuwa abin da ke jan mu ga ƙagaggen labari shi ne mutum mai fuska biyu, mai rowa da zai yi kyauta wata rana ba ka san dalili ba.

Sannan farkon littafin. Mutum ya toshe kunnuwansa da yatsu ya ruga, matarsa da 'ya'yansa na kira ya dawo, a garin da shi da bakinsa ya ce wuta za ta cinye. Na san ma'anar, ceto na kowa da kansa ne. Amma in ka karanta shi a labari, magidanci ne ya gudu ya bar iyalinsa. A nan ma'ana da labari suka rabu, kowa ya kama gabansa.

Fasto_Ishaya:
Salama gare ku duka. Malama Hajara, ba ke kaɗai kika lura da wannan ba, kuma a kashi na biyu da ya fito a 1684 matar ce da 'ya'yanta huɗu suka yi tafiyar, tare da wata budurwa maƙwabciyarsu, ga tsofaffi da guragu da masu raunin zuciya suna shiga ayarin a hanya. Akwai aure, akwai cin abinci tare, har yaro ya ci 'ya'yan itacen da bai kamata ba cikinsa ya ɓaci aka kira mai magani. Ni na fi son wannan kashin, ya fi kama da ikilisiya yadda na san ta.

Amma ina so in kawo ma'auni daga Littafi Mai Tsarki kansa, tun da shi waɗannan marubutan ke koyi da shi. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya zo wa sarki Dawuda da labarin attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata ya ce mutumin nan ya cancanci mutuwa. Sai a sa'an nan Natan ya ce masa, kai ne mutumin. Da Natan ya fara da cewa ga labari a kan laifinka, da sarki ya ɗaura ɗamarar kare kansa. Labarin ya ci nasara ne domin ya kama shi a matsayin labari tukuna.

Haka misalin ɓataccen ɗa a Luka 15. An ƙare shi babban wan na tsaye a waje cikin fushi, uban na lallashinsa, ba a gaya mana ko ya shiga ba. Yawancin marubutanmu na yau ba za su iya barin ƙofar nan a buɗe ba, sai sun shigar da shi sun sa shi ya yi addu'ar tuba.

Nura_Damagaram:
Fasto, batun tunkiyar nan ya tuna mini da Suratu Sad, inda masu husuma biyu suka hauro wa Annabi Dawuda (AS), ɗaya ya ce ɗan'uwansa na da tumaki 99 shi yana da ɗaya. Ba na shiga tafsiri ba, malamai sun yi maganganu a kai. Ina dai nuna cewa buga misali ba na gida ɗaya ba ne.

Kuma in ana neman abin gwadawa da Bunyan, akwai Manɗiƙuɗ Ɗairi na Fariduddin Attar, mutumin Naishabur, wanda ya riga shi da wajen shekara 500. Tsuntsaye ne suka tashi neman sarkinsu, alhudahuda na jagora, kowane tsuntsu na kawo uzurinsa na ƙin tafiya, suka ƙetare kwari bakwai, talatin kaɗai suka isa. Zubinsu ɗaya: tafiya, zango-zango, masu faɗuwa a hanya. Bambancin da na gani, Attar na yawan tsayawa ya ba da ƙananan hikayoyi da ba su da fassara ɗaya, shi kuwa Bunyan in ya nuna maka abu a gidan Mai Fassara, wani zango a tafiyar Kirista, nan take zai gaya maka ma'anarsa.

Zango_Kumasi:
Ina bin ku a hankali. Ni tambayata, The Lord of the Rings fa? Shi ma an ce na Kirista ne.

Tsohon_Malami:
Tambaya mai kyau. Tolkien, marubucinsa, ɗan Katolika ne na ƙwarai, abokin Lewis ne, yana ma cikin mutum biyun da suka yi doguwar hirar dare da shi a 1931 wadda ta taimaka ya karɓi Kiristanci. Amma Narnia ba ta burge shi ba sam. A gabatarwar bugu na biyu na littafin nasa ya faɗa ƙarara cewa ba ya ƙaunar labarin misali ta kowace siga. Hujjarsa: akwai labarin da mai karatu ke da 'yancin ɗauka ya gwada da rayuwarsa yadda ya ga dama, akwai kuma wanda marubuci ya riƙe linzami ya ce ga abin da za ka fahimta. Na farkon yake so. Shi ya sa a littafinsa ba majami'a, ba mai wa'azi, kusan ba addu'a, amma jinƙan da aka yi wa wata muguwar halitta mai suna Gollum shi ne ya ceci duniya a ƙarshe, bayan shi tauraron ya kasa.

Bitrus_Kagoro:
Malam, a ƙara da cewa shi Tolkien ɗin ya rubuta wa wani abokinsa ɗan Katolika a 1953 cewa littafin nasa aikin addini ne tun daga tushe. Kuma yana da gajeren labari, Leaf by Niggle, na wani mai zane da aka tilasta wa tafiya bai gama zanensa ba, aka kai shi wani gidan horo, daga baya ya tarar da itacen da yake zanawa ya zama na gaske. In wannan ba labarin misali ba ne a kan mutuwa da abin da ke bayanta, ban san sunansa ba. Ƙin nasa na baki ne, da ya matsu shi ma ya yi.

Sadiq_Fagge:
To ai ga shi nan. Tolkien ya narkar da maganin a cikin fura, Lewis ya bar ƙwayar tana yawo a sama.

Aliyu_Gwammaja:
Ku yi haƙuri zan karkata kaɗan. Ba wanda ya taɓo mutanen Calormen, wata daula a littattafan Narnia. Baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, masu rawani da gemu da takobi mai lanƙwasa, suna zaune bayan hamada, suna cinikin bayi, maganarsu cike da karin magana na fadanci, abin bautarsu dodo ne mai kan tsuntsu da hannu huɗu. Mutanen Narnia kuwa farare, masu gaskiya, masu dariya. Kai da ka tashi a Kano kana karantawa, ka san a wane ɓangare aka ajiye mai kama da kakanka. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, kuma salon ne ya ƙara masa nauyi: in labari ya ce wannan gefen na Allah ne, to duk kamannin da ka ba ɗaya gefen ka yanke masa hukunci.

Dan_Wusasa:
Aliyu, mutanen Calormen gumaka da yawa suke bauta wa, har hadayar mutum suke yi. Ba Musulmi Lewis ya zana ba.

Aliyu_Gwammaja:
Ban ce aƙida ba, kamanni na ce. Rawanin fa? Hamadar fa?

Mai_Gudanarwa:
A ci gaba, amma a tsaya kan littattafai. Duk wanda ya fara auna addinin wani za mu goge.

Ummu_Hanan:
Ina tare da Aliyu a kan kamannin, ya ɗauko su ne daga irin hoton Gabas da Turawan zamaninsa suka tashi da shi na Dare Dubu da Ɗaya. Sai dai a yi adalci: Aravis ta The Horse and His Boy 'yar Calormen ce, ta fi yaron da suke tafiya tare ƙarfin hali da iya ba da labari, kuma ita ta zama sarauniya a ƙarshe. Ko da yake sai da ta gudu ta bar ƙasarta tukuna ta zama ta kirki, wannan ma abin lura ne.

Fasto_Ishaya:
Akwai kuma Emeth a littafin ƙarshe, The Last Battle, sojan Calormen da ya bauta wa Tash, dodon nan mai kan tsuntsu, da zuciya ɗaya duk rayuwarsa, ya mutu ya tarar da Aslan, wato zakin nan, Aslan ya karɓe shi ya ce duk aikin gaskiya da ya yi da sunan wancan, shi ya yi wa. Ku sani wannan shafin ya fi tayar da ƙura a cikin Kiristoci fiye da waje. Na san fastocin da ba sa ba yara littafin saboda shi. Ni ma ba zan hau bagade in koyar da shi haka ba.

Ku gwada shi da ƙarshen Bunyan. Wani mai suna Jahili ya bi hanya har ƙofar Birnin Sama, aka tambaye shi takardar shaida ba shi da ita, aka ɗaure shi hannu da ƙafa aka jefa ta wata ƙofa a gefen dutse. Da wannan kashi na farko ya rufe, ba da murnar shigar Kirista ba. Marubuta biyu, bangaskiya ɗaya, hukunci biyu. Wanda ya ce waɗannan littattafan duk abu ɗaya suke maimaitawa bai karanta su ba.

Hajara_TudunWada:
Tun da an zo The Last Battle, a yi maganar Susan, yayar Edmund. Yarinyar da ta yi sarauta a Narnia, ta ga mutuwar Aslan da idonta. A littafin ƙarshe kowa ya shiga sabuwar Narnia ban da ita, dalili kuwa a 'yan layuka aka ba mu, wai yanzu ba abin da ke gabanta sai jan baki da safa da katin gayyata. Kuma ta yaya sauran suka shiga? Hatsarin jirgin ƙasa ne ya kashe su, 'yan'uwanta uku da iyayenta. Wato an bar budurwa ita kaɗai a Ingila da gawarwaki, littafin kuma na ta murna. Marubuci Philip Pullman ya caccaki Lewis a kan wannan, Neil Gaiman ma ya rubuta gajeren labari a 2004 a kan Susan ɗin bayan ta tsufa.

Lewis na bukatar wani ya ja da baya don darasin ya cika, sai ya duba ya ɗauki Susan. Abin da nake nufi ke nan tun ɗazu.

Bitrus_Kagoro:
Ba a ce ta hallaka ba fa. Ba ta mutu ba, tana da sauran rai. Lewis ya amsa wa wani yaro a wasiƙa cewa mai yiwuwa ta isa ƙasar Aslan a ƙarshe ta hanyarta. Laifinta kuma ba kwalliya ba ne, cewa ta yi Narnia wasan yara ne da suka ƙirƙira, alhali ta san ta je.

Hajara_TudunWada:
A wasiƙa. Ni littafi na saya.

Saratu_Bukuru:
Na gode jama'a, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Fasto, ma'aunin Natan ɗin nan ya shige ni. Da na auna da shi, wurin da ya fi tsayawa a raina shi ne Eustace, yaron nan mai tsiwa da ya kwana a kan dukiyar dodo da kwaɗayi a zuciyarsa ya farka ya zama dodon. Munduwar zinariyar da ya sa ta nutse a hannunsa tana ci masa nama. Ya yi ta ƙoƙarin saɓule fatar da kansa, ya cire wata sai ya tarar da wata a ƙasa, har sai da zakin ya sa farce ya yage ta, da zafi, ya jefa shi ruwa. Ni na ga tuba da baftisma. Babban ɗana ya ga yaro da ya gane ba wanda ke sonsa kuma laifinsa ne. Duka biyun suna nan a shafin, ba wanda ya danne wani. Kuma Lewis ya ƙara da cewa bayan haka Eustace bai zama waliyyi ba, yakan koma halinsa jefi-jefi. Wannan gaskiyar ce na rasa a wurin ɗan ragon da Sadiq ya ambata.

Larai_Kafanchan:
Ni matsalata ba da Bunyan ko Lewis ba ce, da 'yan kwaikwayonsu ne. A zumuntar mata an taɓa ba mu Hinds' Feet on High Places na Hannah Hurnard, na 1955. Tauraruwar sunanta Mai Yawan Tsoro, Makiyayi ya haɗa ta da abokan tafiya biyu, Baƙin Ciki da Wahala, su kai ta kan duwatsu. Mata da yawa sun ce ya taimake su a lokacin makoki, ba na raina wannan. Amma ni kowane babi na san abin da zai faru: za ta ji tsoro, za ta kira Makiyayi, zai zo, za ta ɗauki tsakuwa ta ajiye don tunawa. Littafin ibada ne mai kyau. In an ce a sa shi a layin adabi, zan yi shiru.

Malam_Tukur_Samaru:
Bari in jawo zancen gida kaɗan, domin akwai alaƙa ta gaske. 'Yan mishan sun fassara littafin Bunyan zuwa harsunan Afirka masu yawa, Isabel Hofmeyr ta rubuta littafi guda a kan haka a 2004. Na Yarbanci ya fito tun ƙarni na 19, kuma manazarta na ganin sawunsa a Ogboju Ode na D.O. Fagunwa na 1938, wanda Wole Soyinka ya mayar Turanci. Maharba ne ke ratsa dajin aljanu zuwa wani dutse don samo hikima, ana tsayawa ana yi musu nasiha. Amma abin da ya raya littafin Fagunwa dodanninsa ne da zaƙin harshensa, nasihar kuwa mutane kan tsallake.

Mu ma haka. Ruwan Bagaja tafiyar neman ruwan magani ce, da Abubakar Imam ya so da ya mai da kowane zango darasi. Ku tambayi duk wanda ya karanta shi a firamare abin da ya riƙe, zai ce muku rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Kuma mu da muke cewa dole littafi ya faɗakar, marubutanmu na soyayya na rufe labari da shafi biyu na jan kunne, ba mu da bakin yi wa Lewis dariya sosai.

Sadiq_Fagge:
Malam Tukur ka taɓo mu, hhh. Amma ka ga ka ƙarfafa maganata ne. Duk abin da kuka yaba tun ɗazu, matar ƙato, Edmund da alewa, fatar dodo, wurare ne da marubucin ya manta da wa'azi ya bi labari. Ke nan salon kansa cikas ne, gwanaye ne kawai ke tsallake shi.

Tsohon_Malami:
A'a Sadiq, a nan ban bi ka ba. Cire tuba daga labarin Eustace ka ga abin da zai rage: yaro ya zama dodo, zaki ya warkar da shi. Abin da ya sa wurin ke da nauyi shi ne Lewis ya gaskata cewa mutum ba ya iya saɓule halinsa da hannunsa, kuma ya ɗanɗana hakan yana babba, bayan shekaru yana musun akwai Allah. Aƙidar ce ta haifi hoton. Haka ƙaton Bunyan: mabuɗin da ya buɗe kurkukun yana ƙirjin Kirista tun ranar farko, mantawa ya yi. Wanda bai yi imani da alkawarin Allah ba ba zai ƙago wannan ba, amma duk wanda baƙin ciki ya taɓa rufewa zai gane shi.

Wanda ke son ganin iyakar abin da Lewis zai iya, ya nemi Till We Have Faces na 1956. Tsohuwar tatsuniyar Girkawa ce ya sake, ta bakin wata sarauniya mummuna da ke rubuta ƙararta a kan alloli. Ba zaki, ba mai fassara, kuma mai ba da labarin ba ta san kanta ba sai can ƙarshe. Bai yi kasuwa kamar Narnia ba.

Aliyu_Gwammaja:
Bai yi kasuwa ba domin ba a iya raba shi a makarantar Lahadi.

Larai_Kafanchan:
Ko kuma domin ba na yara ba ne, Aliyu. Ba komai ne maƙarƙashiya ba.

Zango_Kumasi:
Ni dai na fita da sunayen littattafai huɗu. Wanne zan fara da shi, ga wanda Turancinsa na kasuwa ne?

Dan_Wusasa:
Fara da The Lion, the Witch and the Wardrobe, gajere ne kuma Turancinsa mai sauƙi. Kada ka bi lambobin da masu bugawa ke sawa yanzu su ce a fara da The Magician's Nephew, wancan a 1955 ya fito, zai ɓata maka mamakin shiga Narnia ta cikin kabad. Bunyan kuwa Turancin ƙarni na 17 ne, ka nemi bugun da aka sauƙaƙa, amma ka duba kada ya zama wanda aka yanke muhawarorin ciki duka aka bar faɗa da dodanni.

Hajara_TudunWada:
Malam, na karanta abin da ka rubuta wa Sadiq, kuma na yarda aƙida ce ta haifi fatar dodon. To ita ce kuma ta haifi hatsarin jirgin. In za mu ba ta ladan Eustace, sai mu ɗora mata alhakin Susan. Har yanzu ba wanda ya nuna mini layi ɗaya a cikin The Last Battle inda wani daga cikin 'yan'uwanta ya tsaya ya yi tunanin halin da take ciki a ranar.